Gyaran Muryar Mai Sanarwa

Litinin, da hantsi

Shekara huɗu ke nan da 'yan watanni rabona da gida. Na fara da wannan ne don in wata rana na dawo ina karanta abin da na rubuta, in tuna cewa gajiya ce ke magana.

Ɗakin sanyi na uku yana nan a rufe tun ranar Alhamis da bututun gas ɗin sanyaya kaya ya fashe a cikinsa. An ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, an ajiye mai gadi a kan kujera. Warin bai gama barin farfajiya ba, in iska ta juyo sai idon mutum ya kawo ruwa. Sauran ɗakunan biyu suna aiki. Motoci na shigowa da kwalayen kifi, ana saukewa, ana jerawa, kamar ba a yi ranar Alhamis ba.

Aikina biyu a kamfanin nan. Da safe ina tsaye a bakin ƙofa ina buga wa kwalaye hatimi. Da rana, lokacin cin abinci, in hau ofis a miƙo min takarda da harshen ƙasar nan, in mayar da ita Hausa in karanta a lasifika, don fiye da rabin masu dako mutanenmu ne. A gida malamin makaranta ne ni, rubutun zube nake koyarwa: yadda ake rahoto, yadda ake sharhi, yadda mai magana ke shawo kan mai sauraro. Shi ya sa har yau Malam ake ce min.

Takardar yau ta ce abin da ya faru "ɗan tsaiko ne a harkar sanyaya kaya". Ɗan tsaiko. Sakaya zance ake ce wa wannan, na sha rubuta shi a allo: ka sa wa mummunan abu riga mai kyau ka fito da shi cikin mutane. Na karanta kamar yadda aka ba ni.

Talata, bayan azahar

Matar Ofis ce ke ba ni takardun. Ba muguwa ba ce, wannan kam zan faɗa. Ita ma daga sama ake turo mata. Kullum kafin in kunna makirufo sai ta turo min alewa guda a kan tebur, ta ce in tsotsa. Ni kuwa in jefa a aljihu, zaƙi ba ya cikin abin da na zo nema.

Yau ta ce, "Malam, inda aka rubuta mu iyali ɗaya ne, ka faɗa sau uku. Haka suke so."

Na ce, "Iyali ɗaya, amma ƙofar cin abinci biyu?"

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Sau uku, Malam. Ni ma haya nake biya."

Maimaici. Da nake koyarwa nakan ce wa yara maganar da aka maimaita tana zama a kunne kamar baƙon da ya daɗe, har a manta ba ɗan gida ba ne. Na faɗa sau uku.

Auta ya ce lafiyarsa ƙalau. Ƙanin matata ne, ni na nemo masa aikin nan bara, ni na sa hannu a takardarsa. A ɗaki na uku yake dako. Gadonsa ne a saman nawa.

Laraba, da sassafe

Gadon sama ya yi ta girgiza da tarin Auta. Na yi kamar ina barci.

Alhamis, da la'asar

Mai Jar Hula ya tare ni a wajen famfo. Shi ke tuƙa motar ɗaga kaya, kuma tun da abin ya faru shi ne bakin ma'aikata. Yana so in rubuta takardar da za a karanta a taron ranar Asabar.

"Ka rubuta mutum uku sun mutu."

"Wa ya mutu?"

"Malam, kai ma ka san sai an ce an mutu ake juyowa a duba."

"Biyu ne a asibiti, kuma da ransu. Jiya na ji ɗaya ya nemi shayi."

"To ka ce masu shan jini ne ke sama. Ka ce sun sani tun bara."

"Sun sani tun bara?"

"Wa ya sani? Ai za su iya sani."

Kambamawa, da laƙaba suna, da zargin da ba a tabbatar ba, duk a tsaye a bakin famfo. Da ɗalibina ne da ya ci jarrabawa. Amma ba zan zalunce shi ba. Waccan Alhamis ɗin shi ya fasa ƙofar baya ta ɗaki na uku da motarsa, ba wanda ya sa shi. Kuma abin da yake nema gaskiya ne: a gyara bututun, a ba kowa abin rufe hanci, a daina yanke wa mara lafiya kuɗin yini. Na ce zan rubuta waɗannan. Gawa kuwa ba zan ƙirƙiro masa ba.

Ya ce, "Kai dai bakinsu ne."

Ƙila. Na sayi zuma da citta. Ƙura ce ke damun maƙogwarona.

Asabar, bayan magariba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

An taru a tsakar masauki, wasu a kan bokiti, wasu a kan matakala. Mai Jar Hula ya miƙo min takardata, ya ce tunda ni ke da murya in karanta. Na fara. Bututu, abin rufe hanci, kuɗin yini, kowa na gyaɗa kai. Ashe ya ƙara layi ɗaya da biro a ƙasa, ban gani ba sai da idona ya kai: wai 'yan'uwanmu uku sun riga mu gidan gaskiya. Na tsaya. Na gyara murya.

Sai tsakar gidan nan ta fashe da dariya. Har wani da ke kan bokiti ya faɗi. Ni ina tsaye riƙe da takarda kamar wanda wandonsa ya yage bai sani ba.

Kuku ne ya tausaya min. Shi ke dafa mana abinci, ya girme mu duka. Ya share hawaye da gefen riga ya ce, "Malam, yi haƙuri. Kai kaɗai ne ba ka sani ba. Shekara uku muna cin abinci da gyaran muryarka. In ka karanta tiryan-tiryan, mun san gaskiya ce. In muka ji ehem, sai kowa ya ci gaba da tauna."

Wani ya ce, "Ranar da aka ce za a ƙara albashi, ehem biyu ka yi!"

Wani daga matakala ya ce, "Iyali ɗaya, ehem! Iyali ɗaya, ehem! Iyali ɗaya, ehem!"

Auta ma dariya yake yi, riƙe da ƙirji. Ya ce, "Yaya, ni na ɗauka da gangan kake yi. Har alfahari nake da kai."

Mai Jar Hula ya karɓi takardarsa ya soke layin, fuska a murtuƙe. Ya ce, "To, ko ba gawa, bututun dai a gyara." Aka tafa masa.

Na dawo ɗaki na zauna. Shekara uku ina ganin kaina a matsayin wanda ya sayar da bakinsa. Ashe maƙogwarona bai shiga cinikin ba. Ban san ko kunya nake ji ko daɗi ba.

Lahadi, da hantsi

Uwar yara ta kira. Yara lafiya, rufin ɗakin baya yana yoyo, babbar ta ci jarrabawa. Sannan ta zo inda na san za ta zo.

"Auta fa? Kwana biyu saƙo kawai yake turowa, ba ya kira."

"Yana nan, yana zuwa aiki."

Rabin gaskiya. A cikin dabarun duka ita ce mafi tsafta, ba ta barin tabo a hannu.

Sai ta ce, "Ka gyara murya."

"Ke ma?"

"Ni ma me? Tun ranar da ka ce miyata ta farko ta yi daɗi na san ka. Ka kula min da shi, ka ji? Shi kaɗai Inna ta bar min."

Na ce na ji.

Litinin, bayan azahar

Wata farar mota ta tsaya a bakin babbar ƙofa. Daga asibiti take, ba ta kamfani ba ce. Takardar yau ta ce duk wanda ya shaƙi abin nan ya je a duba ƙirjinsa, kyauta, magani ma kyauta, sakamako ba ya zuwa ofis, ba a korar kowa a kansa. Motar za ta tsaya zuwa Juma'a.

Tunda na san kunnuwa nawa ke jingine da maƙogwarona, na ce ba zan karanta ba sai na bincika. Na je wajen motar. Nas ɗin mace ce gajera, mai saurin magana. Na yi mata tambayoyin da ba su da daɗi. Wa ke biya? Wa ke ganin takarda? In an sami mutum da ciwo, waye zai fara sani? Ba ta yi min murmushi ko sau ɗaya ba, wannan ne ya fara kwantar min da hankali. Ta ce, "Kamfaninku bai so mu zo ba, doka ce ta kawo mu. Abin nan in an kama shi da wuri ana warkewa. In aka bar shi ya zauna, sai dai a lallaɓa. Kai ma muryarka ba ta yi min ba."

Na ce ƙura ce.

Na hau ofis da ƙarfin gwiwa. Yau dai zan karanta abin da na yarda da shi daga farko har ƙarshe. Na kai daidai inda aka ce ba a korar kowa, sai tari ya sarƙe ni. Ba ehem ba, tari sosai, har sai da Matar Ofis ta kashe makirufo ta miƙo ruwa.

Da na sauko ɗakin cin abinci, kowa ya sunkuyar da kai yana tauna. Wani ya ɗaga min babban yatsa a ɓoye. Wani ya raɗa min, "Mun gode, Malam. Mun gane."

Ba wanda ya je.

Talata, da rana

Na karanta sau uku. Na yi tari sau uku. Yanzu sun tabbata tarko ne babba.

Talata, da yamma

Na bi ɗaki ɗaki. Na fara da hankali, don haka na koyar: ka kawo hujja, ka jera ta. Na ce motar ta asibiti ce, na ce na ga takardar da idona, na ce tarina tari ne kawai irin na kowa. Suka ce, "Haka ne, Malam," irin haka ne ɗin da ake ce wa wanda ake ganin an sa shi dole.

Na koma tsoratarwa. A kan Auta na gwada, Allah ya yafe min. Na same shi zaune a bakin gado yana naɗe tsumma da sauri yana turawa ƙarƙashin filo. Na riga na ga jan launin abin da ke jiki.

"Kana so a mayar da kai gida a akwati?"

"Gara akwati da in koma hannu rabbana, Yaya. Wa zai biya wa yarana makaranta? Kai?"

"Yayarka ta ce…"

"Yayata ba ta san yadda ake korar mutum a nan ba. Da safe kana da aiki, da rana kana filin jirgi."

Na ce, "Ai kowa zai je gobe, kai kaɗai za a bari." Wannan dabarar tsohuwa ce, ka nuna wa mutum taro ya wuce ya bar shi. Sai na ji kaina na yi ehem.

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Yaya, je ka kwanta. Ƙarya ba sana'arka ba ce."

Laraba, da hantsi

Na nemi Mai Jar Hula ya yi magana. In na gida ya ba da shaida, an fi ji. Ya kashe motarsa ya saurare ni har ƙarshe, wannan ma wani abu ne.

Ya ce, "Malam, inda na yi aiki kafin nan, farar mota ta zo kamar wannan. Mutum tara suka hura bututun gwajin numfashi. Kafin wata ya ƙare ba ko ɗaya a wurin. Ni na kai musu jakunkuna bas. Ka ce in tura mutane?"

"Wannan daban ce."

"Ƙila. In ka yi kuskure, kai za ka ce yi haƙuri. Su kuma fa?"

Ba taurin kai ba ne, abin da ya gani ne. Na fi jin haushin mutum in ba shi da hujja.

Laraba, bayan la'asar

Na shiga kicin neman ruwan zafi. Kuku yana yanka albasa, bai ɗago ba.

"Malam, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Kana ta yawo ɗaki ɗaki kamar mai tallan magani. In gaskiya ce, kai me ya hana ka zuwa?"

"Ni ai a bakin ƙofa nake aiki."

"A bakin ƙofa. Ranar da abin ya faru wa na gani ya shiga ɗaki na uku da rigarsa a hanci? Sau biyu. Na farko ka jawo Auta, na biyu ka jawo wancan mai tabo a goshi. Ko aljani ne mai kama da kai?"

"Ni lafiyata ƙalau."

Ehem ɗin ya fito da kansa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Kuku ya zuba min ruwan zafi a kofi ya ce, "Sha. Zumar nan taka ta kusa ƙarewa, na ga kwalbar."

Na duba baya a littafin nan. Ƙura, na rubuta. Ni ma na iya sakaya zance, har wa takardar da ba mai karanta ta sai ni.

A allo hanya uku nake rubutawa ta shawo kan mutum: ta hankalinsa, ta zuciyarsa, da ta mutuncin mai magana. Ta ukun nakan wuce ta da sauri don ba ta da misalai masu daɗin karantawa. Yara su kwafa, a buga ƙararrawa.

Tsoro nake ji. In aka kore ni, shekara huɗun nan ta tafi a banza, rufin ɗakin baya ya ci gaba da yoyo. Na yarda da Nas, amma yarda da baki daban, hura bututu daban.

Alhamis, bayan azahar

Lokacin cin abinci ya yi, ban hau ofis ba. Na bi ta tsakiyar ɗakin cin abinci, tsakanin tebura, na fita ta ƙofar da ke kallon farfajiya. Na ji cokula sun tsaya. Farfajiyar nan kullum ina ƙetare ta, yau ta yi min faɗi.

Nas ta ce, "Mai ƙura ya iso." Ta ba ni bututu na hura, na sake hurawa, aka ɗauki hoton ƙirji. Ta ɗaga shi a haske ta nuna min wani wuri a gefen dama kamar hayaƙi. Ta ce ya taɓu, amma an zo da wuri. Magani na wata biyu, da abin shaƙa, kuma in daina ɗaga murya.

Na ce, "Ɗaga murya ne rabin aikina."

Ta ce, "To ka riƙe ɗaya rabin."

Na roƙi hoton ta ba ni. Na dawo da shi ɗakin cin abinci na manna a allon sanarwa, ƙasa da takardar iyali ɗaya. Na ce, "Wannan ƙirjina ne. Ga inda tarin yake fitowa. Gobe da safe ku duba bakin ƙofa, in ba ku gan ni ba kada kowa ya je." Tari ya kama ni a tsakiya, na jira ya wuce na ƙarasa.

Wani ya matso ya leƙa hoton ya ce, "Malam, ashe haƙarƙarinka a karkace yake." Aka ɗan yi dariya. Auta bai yi ba. Ya tashi ya bar abincinsa.

Juma'a, da sassafe

Na yi wanka na sa rigar da ta fi kyau. In kora ce, a kore ni da mutuncina.

Juma'a, da rana

Ina bakin ƙofa da hatimina. Duk wanda ya wuce da kwali sai ya kalle ni kamar ya ga wanda ya dawo daga lahira. Mai kula da aiki ya zo wucewa, ina jiran kora, sai kawai ya ce hatimin yana fitowa a dushe, in ƙara tawada.

Wajen hantsi Kuku ya cire rigar girki ya nufi motar, yana tafe yana faɗa da ƙarfi, "Ni hayaƙin murhu ne nawa, amma bari a duba, kyauta ce!" Mutum biyu suka bi shi. Sai huɗu. Da azahar layi ya kai wajen famfo.

Mai Jar Hula ya tsaya daga nesa, hannu a ƙirji. Can sai ya je ya tsaya a gefen layin yana ɗaukar hoton kowa da wayarsa. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce, "In aka taɓa ko mutum ɗaya daga cikinsu, ina da shaida." Na ce wannan shi ne rahoto na gaske. Ya ce, "Kada ka fara min darasi." Daga baya na hango jar hula a cikin layi.

Auta bai zo ba. Kuma yau motar za ta tafi.

Juma'a, bayan la'asar

Matar Ofis ta aiko a kira ni. Na hau ina cewa shi ke nan.

Ta ce, "An cire ka daga lasifika. Jiya ba ka zo ba, kuma wani ya kai labarin gyaran muryarka sama. Za a kawo na'ura mai karantawa. Hatiminka yana nan."

Na ce, "Ke ma yanzu kika ji?"

Ta cire tabarau ta yi dariyar da ban taɓa ji daga bakinta ba. "Malam, ban jin Hausa, amma ina da kunne. Kana tsammani don me nake ba ka alewa shekara uku? Ko sau ɗaya ba ka tsotsa ba."

Na ce mata layi bai ƙare ba, kuma akwai wanda bai zo ba. Ta juya biro a hannu. Ta ɗauki waya ta yi magana mai tsawo da wani, sau biyu na ji ta ce doka. Da ta ajiye ta ce motar za ta kwana, zuwa gobe da azahar. Ta ce kada in gode mata, kuma ban ji daga bakinta ba.

Asabar, da hantsi

Na same shi a kan gadonsa, fuska ga bango.

"Auta."

Bai juyo ba.

"Sauko mu je."

"Kai ka shiga saboda ni. Ƙirjinka da ke manne a can, ni na ja maka. Yanzu in je a ce ni ma, sai Yayata ta ce mijinta da ƙaninta duka…"

Na duba cikin kaina, babu dabarar da ta rage. Na zauna a gadona na ce, "Ban san me za su gani ba. Ƙila naka ya fi nawa muni. Ƙila ka yi wata biyu ba aiki. In haka ne, makarantar yaranka a wuyana take, ko da rufina zai shekara yana yoyo. Kuma ni ma tsoro nake ji."

Ya juyo yana kallon maƙogwarona. Ya daɗe yana jira.

"Ba ka yi ehem ba."

"Ban yi ba."

"Har maganar makaranta?"

"Sauko, ɗan rainin hankali, kafin in canja ra'ayi."

Ya sauko. A hanya ya ce wai dama yayarsa ta fi ƙarfina, sa'a kawai na yi. Na ce shi kuma a cikin gara aka haɗo min shi da kayan aure. Muna tafe muna tsayawa, in ya yi tari in jira shi, in na yi ya jira ni.

Asabar, bayan azahar

Sun tafi da shi a motar. Nas ta ce da an ƙara mako guda da wata maganar ake yi.

Talata, da yamma

Na'urar ta fara aiki. Hausarta kamar ta wanda ya haɗiye cokali, kuma ba ta gyara murya. Yau ta ce an kammala gyaran ɗaki na uku. Duk ɗakin cin abinci ya juyo yana kallona. Na ce, "Ban sani ba. Sai mun je mun gani." Bayan an tashi, ni da Mai Jar Hula da wasu muka je. An sa sabon bututu, wannan gaskiya ne. Abin rufe hanci kuwa bai iso ba. Mai Jar Hula ya ce in rubuta haka, ba ƙari ba ragi. Na ce ko gawa ɗaya ba ya so? Ya ce in kiyaye shi.

Alhamis, bayan la'asar

Asibiti. Auta ya ci abinci, ya yi ƙorafin ba gishiri. Na kira uwar yara na ba shi wayar, na fita waje don su yi kukansu. Da na karɓa ta ce, "Kai kuma fa?" Na faɗa mata duka, da hoton, da hayaƙin gefen dama. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce rufin zai jira, ta sa bokiti.

Lahadi, da hantsi

Tarin ya ragu. Jiya na yi barci har gari ya waye, gadon sama shiru, amma shirun mai kyau ne, Laraba za a sallamo shi. Har yau ba a kori kowa ba. Ban ce ba za a kora ba, na ce har yau.

Kuɗin lasifika ya tafi, kuɗin jirgin komawa gida yana nan rabi kamar yadda yake tun bara. Abin da na tsira da shi: ƙanin matata guda, mutum talatin da bakwai da suka hura bututu, huhu ɗaya da rabi, hatimi, da alewa cike da gwangwani.